Masu suna Sofiya a tarihin Rasha: yadda kowacce ta samu hanyar shiga

A ɗakin adana kayan sarauta na fadar Kremlin da ke Mosko akwai wata karaga ta azurfa mai mazauni biyu. An ƙera ta ne don yara biyu 'yan uba da aka naɗa sarautar Rasha tare a 1682: Ivan mai shekara 15, wanda ba shi da ƙoshin lafiya, da ƙanensa Peter mai shekara 10. Wanda ya zagaya bayan karagar zai ga wata 'yar taga da ake sakayawa da labule. Idan jakadu suka zo gaisuwa, ta nan ake raɗa wa yaran amsar da za su bayar. Har yau in aka ambaci wannan taga, yayar yaran ce ke faɗo wa mutane a rai, wato Sofiya, wadda ƙasar ke hannunta alhali ba a tanadar mata mazauni a kan karagar ba.

Wanda duk ya bi sawun matan da suka amsa wannan suna a tarihin Rasha zai ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa. Duk masu kai ne, wasunsu ma sun fi mazan da ke kewaye da su nesa ba kusa ba, amma babu wadda aka buɗe wa ƙofar zaure. Wata ta shiga ta hanyar aure, wata ta bayan ƙannenta, wata da takardar auren bogi, wata kuma ta ɓoye da bam.

Kafin a kai gare su, sai an warware batun sunan. Ba Safiyyarmu ba ce. Safiyya daga Larabci take, ita kuwa Sofiya kalmar Girkanci ce mai nufin hikima. Ita ce dai kalmar da ke cikin sunan Aya Sofiya ta Santambul, ginin da aka kammala a 537 a matsayin coci, wanda Turkiyya ta sake mayar da shi masallaci a 2020. Da mutanen Rus suka karɓi Kiristanci daga Rumawan gabas a 988, sai suka kwaso har da sunaye, suka kuma gina nasu manyan coci-coci masu sunan Sofiya a Kiyef da Novgorod a ƙarni na 11. Daga nan raɗin suna ya koma hannun coci. Akwai kalandar waliyyai, kowace rana da nata, kuma yawanci daga cikin waliyyan da ranarsu ta yi kusa da haihuwa ko baftisma ake zaɓa wa jariri. Sunayen mata a kalandar ba su kai na maza yawa ba, shi ya sa za ka tarar da Mariya da Anna da Ekaterina da Sofiya gida-gida, kamar yadda aji ɗaya a makarantar Islamiyya kan tara A'isha biyar. Yadda muke rarrabewa da Indo da Binta da Kulu, su ma a gida Sonya suke kiran Sofiya. A waje kuwa sunan uba ake liƙa wa: 'yar Aleksei ita ce Alekseyevna, 'yar Lev ita ce Lvovna.

Ta farkon ba da sunan aka haife ta ba. Zoe Palaiologina 'yar ɗan'uwan Konstantin na 11 ce, sarkin Rum na ƙarshe, wanda ya mutu ranar da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci Kustantiniyya a 1453. Mahaifinta Thomas ya yi gudun hijira zuwa Roma, a can ta girma a ƙarƙashin kulawar Kadinal Bessarion. Fadar Paparoma ce ta ƙulla aurenta da Ivan na 3, sarkin Mosko, da fatan amarya za ta janyo cocin Rasha ta dawo ƙarƙashin Roma. Haƙansu bai cimma ruwa ba. Tun kafin 'yan rakiyar amarya su shiga Mosko a Nuwamba 1472, shugaban cocin birnin ya ce muddin wakilin Paparoma ya shigo da gicciyen Katolika a gaban ayari, shi zai fice daga garin. Aka sauke gicciye, amarya ta koma Sofiya, ta rungumi cocin mijinta, maganar haɗewa ta bi ruwa.

A zamaninta ne magina daga Italiya suka cika Mosko. Aristotele Fioravanti ya gina babban cocin Kremlin tsakanin 1475 da 1479, wasu Italiyawan suka ɗora ganuwar jan bulo da ake gani yau, kuma a 1497 mikiya mai kai biyu ta bayyana a hatimin Ivan. Babban aikinta dai a cikin gida ta yi shi. Ivan yana da ɗa da matarsa ta fari, ɗan ya rasu a 1490 ya bar yaro mai suna Dmitri, kuma a 1498 kakan ya naɗa wannan jika magaji a bainar jama'a. Bayan shekara huɗu reshe ya juye da mujiya: aka tsare Dmitri da mahaifiyarsa, ɗan Sofiya, Vasili, ya zama magaji. Ta rasu a 1503. Jikanta shi ne Ivan na 4, wanda duniya ta sani da rashin imani.

Sofiyar bayan taga kuwa an haife ta a 1657, 'yar Sarki Aleksei ce da uwargidansa Mariya Miloslavskaya. 'Ya'yan sarki mata a Mosko ta wancan zamani cikin kulle suke rayuwa, a wani sashe na fada da ake kira terem. Kuma kulle ne marar ranar fita, don ba a aurar da su: ɗan ƙasa bawan sarki ne, bai isa ba, baƙo kuma addininsa daban. Yarinya za ta tsufa tsakanin ɗinki da ibada. Sofiya ta samu ilimi irin wanda ba a saba ba mata ba, kuma da ƙanenta Sarki Fyodor ya kwanta jinya, ta fito tana zama kusa da shi, ta san manyan fada, su ma suka san ta.

Fyodor ya rasu a 1682 bai bar ɗa ba, sai 'yan ubanci ya tashi. Ɗakin Miloslavski suna da Ivan, ɗakin amarya Natalya Naryshkina suna da Peter. Aka fara naɗa Peter shi kaɗai. Cikin watan Mayu dakarun Streltsi, masu bindigar da ke gadin Mosko, suka kutsa cikin fada bisa jita-jitar cewa an kashe Ivan, suka hallaka manyan ɗakin Naryshkin a gaban idon Peter, har da 'yan'uwan mahaifiyarsa da babban bafaden da ke mara musu baya, Artamon Matveyev. Da ƙura ta lafa, aka tsaya a kan sarakuna biyu, Sofiya kuma mai riƙon ƙwarya. Tana da shekara 24.

Shekara bakwai ta yi, kuma in za a yi mata adalci, ba ta yi mulkin banza ba. Tare da babban wazirinta Vasili Golitsyn ta ƙulla sulhu da Polan a 1686, wanda ya tabbatar wa Rasha birnin Kiyef. A zamaninta aka buɗe makarantar ilimi mai zurfi ta farko a Mosko, inda ake koyar da Girkanci da Latin. A 1689 wakilanta suka sa hannu a yarjejeniyar Nerchinsk, ta farko tsakanin Rasha da ƙasar Sin. Abin da ya karya ta biyu ne. Golitsyn ya kai yaƙi Kirimiya sau biyu, a 1687 da 1689, duka ya dawo hannu rabbana, ita kuma ta tarbe shi da kyaututtuka kamar wanda ya ci gari. Na biyun ya fi tsanani: riƙon ƙwarya yana da wa'adi, yaro kuwa girma yake yi. Ta fara sa sunanta a takardun sarauta tare da na ƙannenta, aka zana hotonta da kambi, amma ba ta samu wanda zai naɗa ta ba. A farkon 1689 Peter ya yi aure. A watan Agusta aka tashe shi cikin dare aka ce Streltsi na tafe, ya haye doki ya tsere zuwa gidan zuhudu na Troitsa, kimanin kilomita 70 daga Mosko. Daga can ya riƙa aika wa hafsoshi su zo, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har Sofiya ta waiga ba kowa a bayanta.

Aka kai ta gidan zuhudu na mata na Novodevichi. A 1698, Peter yana yawon ganin Turai, Streltsi suka sake tayar da ƙayar baya. Ya dawo a fusace, aka kashe sama da dubu daga cikinsu, aka rataye wasu a daidai tagar ɗakin yayarsa, aka bar gawarwakin a nan. Aka tilasta mata shiga zuhudu, aka kuma canza mata suna zuwa Susanna. Da wannan suna ta rasu a 1704.

Abin mamaki, bayan mutuwar Peter a 1725 mata ne suka riƙe Rasha kusan har ƙarshen ƙarnin: matarsa Ekaterina ta 1, sai Anna, sai 'yarsa Elizaveta, sai Ekaterina ta 2. Wannan ta ƙarshen, wadda ta fi su duka suna, ita ma Sofiya ce. An haife ta a Stettin a 1729, 'yar wani ƙaramin basarake Bajamushe, sunanta na yanka Sophie. Da aka kawo ta a 1744 don ta auri magajin sarauta, sai aka shigar da ita cocin Rasha da sabon suna, Ekaterina Alekseyevna, ko da yake sunan mahaifinta Christian August. Masu rubuta tarihinta da dama suna ganin Elizaveta ce ba ta so a sake jin wata Sofiya a fada, saboda abin da ya shiga tsakanin mahaifinta Peter da yayarsa. In haka ne, an gudu ba a tsira ba, don a 1762 yarinyar da aka raba da sunan ta kifar da mijinta ta hau karaga da kanta, ta yi shekara 34. Ɗanta Pavel yana hawa ya yi dokar gado a 1797 wadda ta fifita maza, kuma tun daga nan mace ba ta sake mulkin Rasha ba.

A ƙarni na 19 sunan ya yi yawa a gidajen masu hannu da shuni, kuma cikin shekara tara, daga 1844 zuwa 1853, aka haifi Sofiya uku da kowacce ta bi hanyar da ba ta yi kama da ta 'yar'uwarta ba.

Sofiya Kovalevskaya, haihuwar 1850, 'yar janar ɗin soja ce. Ita da kanta ta ba da labarin cewa lokacin da ake gyaran gidansu na ƙauye a Palibino takardar ado ta bango ta ƙare, sai aka lilliƙe ɗakin yara da tsofaffin takardun darasin lissafi na mahaifinta. Ta riƙa tsayawa gaban bango tana kallon alamomin da ba ta gane ba, tana neman wace takarda ke bin wace. Da ta girma, jami'o'in Rasha ba sa ɗaukar mata, fita waje kuma sai da izinin uba ko miji. Dabarar da 'yan matan zamaninta suka ɓullo da ita ita ce a samu saurayi mai ra'ayin ci gaba a ɗaura aure na takarda kawai, kusan abin da yau za mu kira auren biza. A 1868 ta auri Vladimir Kovalevski a kan haka, shekara ta zagayo suka tafi Heidelberg a Jamus.

A Balin jami'a ta hana ta ko zama a aji. Ta je gidan Karl Weierstrass, babban malamin lissafi na zamanin. Ya ba ta wasu tambayoyi masu wuya don ya gwada ta, ta dawo da amsoshin da suka sa ya ɗauke ta ɗaliba a gida, ya koyar da ita kusan shekara huɗu. A 1874 jami'ar Göttingen ta ba ta digirin dakta da daraja mafi girma bisa ayyuka uku, ɗaya a kan zoben duniyar Saturn, ɗaya kuma ya zama ƙa'idar da ɗaliban lissafi ke karantawa har yau da sunan Cauchy da Kovalevskaya. Ta koma gida da wannan digiri, aikin da doka ta yarje mata bai wuce koyar da ƙidaya a ƙananan azuzuwan 'yan mata ba. Auren takarda ya zama na gaske, suka haifi 'ya a 1878, ita ma Sofiya. Suka shiga harkar gine-gine suka karye, mijin ya kashe kansa a 1883.

Suwidin ce ta buɗe mata ƙofa, ta hannun wani tsohon ɗalibin Weierstrass, Gösta Mittag-Leffler, wanda ya kira ta Stockholm. A 1888 ta shiga gasar Cibiyar Kimiyya ta Faransa da bincike a kan yadda abu mai nauyi ke juyawa a kan tsini ɗaya, misalin katantanwar da yara ke murzawa. Manyan masana lissafi na baya, Euler da Lagrange, sun warware yanayi biyu, ita ta gano na uku. Ba a sa suna a takardun gasar, don haka alƙalan ba su san mace ce ba, kuma aikin ya burge su har suka ɗaga kyautar daga faran 3,000 zuwa 5,000. A 1889 ta zama cikakkiyar farfesa a Stockholm. A shekarar ce Cibiyar Kimiyya ta Rasha ta ba ta kujerar wakilci, bayan an gyara ƙa'ida saboda ita, amma aikin koyarwa a gida bai samu ba. Mura ta kama ta a hanyar dawowa daga tafiya, ta zama ciwon huhu, ta rasu a Fabrairu 1891 tana da shekara 41. A Suwidin aka binne ta.

Sofiya Perovskaya ta fi wuyar sha'ani, kuma ba na jin ya dace a yi mata kirari. An haife ta a 1853, mahaifinta Lev ya riƙe gwamnan Petersburg, babban birnin ƙasar a lokacin, ya rasa kujerar bayan an harbi Sarki Aleksandar na 2 ba a same shi ba a 1866. Ta bar gidan uban tun tana budurwa, ta shiga ƙauyuka tana koyarwa tana yi wa manoma rigakafin agana, cikin dubban matasan da suka yi imani talaka zai tashi in an wayar masa da kai. Talaka bai tashi ba, gwamnati kuwa ta yi ta kame. Tana cikin waɗanda aka gurfanar a shari'ar mutum 193, aka sallame ta a 1878. A 1879 ta shiga ƙungiyar Narodnaya Volya, wato Muradin Jama'a, wadda ta yanke wa sarki hukuncin kisa, sarkin da shi ne ya 'yanta manoma daga bauta a 1861.

Ranar Lahadi 1 ga Maris 1881, a tsohuwar kalandar Rasha wadda ke bayan tamu da kwana 12 a lokacin, komai ya faɗo a kanta, don an kama jagoran shirin, Andrei Zhelyabov, kwana biyu kafin nan. Sun buɗe shagon cuku a wani titi na Petersburg, suka haƙa rami daga ciki suka dasa nakiya. Sarki bai bi ta titin ba. Nan take ta sauya wa masu jifa wuri, ta jera su a bakin wata hanyar ruwa da ke ratsa birnin, ta tsallaka ɗaya gaɓar, da ta hango keken dokin sarki ta ba da alama da hankici. Bam na farko ya lalata keken, ya hallaka wani dogari da wani yaro mai wucewa, sarki ya fito lafiya. Maimakon ya wuce sai ya tsaya duba abin da ya faru, Ignati Grinevitski ya jefa na biyu a ƙafafunsa. Sarki ya cika a fada bayan 'yan sa'o'i. Sunan hanyar ruwan a lokacin Ekaterininski, don tunawa da Ekaterina ta 2.

Mai gabatar da ƙara a shari'arta, Nikolai Muravyov, abokin wasanta ne na yarinta. Ranar 3 ga Afrilu aka rataye ta tare da maza huɗu, kowanne da allo a ƙirji mai rubutun "mai kisan sarki". Shekararta 27, kuma ita ce mace ta farko da aka zartar wa hukuncin kisa a Rasha kan laifin siyasa. Abin da suka yi fata bai faru ba. A safiyar ranar da aka kashe shi Aleksandar ya amince da wani shiri na ministansa Loris-Melikov wanda zai shigo da zaɓaɓɓun wakilai cikin shawarar dokoki. Ɗansa Aleksandar na 3 ya yi watsi da shirin, ya ƙara ɗaure ƙasar tamau.

Saura babbarsu a shekaru, wadda kuma ta riga su zuwa ta bi bayansu tafiya. Sofiya Bers, 'yar likitan fada, tana da shekara 18 ta auri marubuci Lev Tolstoy mai shekara 34 a 1862. Ana gab da biki ango ya miƙa mata littafin sirrinsa ta karanta duk tarihinsa da mata, abin da bai taɓa barin zuciyarta ba. Ta haifi 'ya'ya 13, biyar suka rasu suna ƙanana. Da dare, in yara sun kwanta, sai ta zauna ta kwafe abin da ya rubuta da rana, don rubutun hannunsa ba kowa ke iya karantawa ba. Gari na wayewa ya bi ya soke ya ƙara, ta sake kwafewa. Ita ke kula da gonar Yasnaya Polyana, ita ke lissafin kuɗi, daga tsakiyar shekarun 1880 kuma ita ke buga littattafansa tana sayarwa. A 1891 ta je har gaban Aleksandar na 3 ta roƙi a saki wani littafinsa da aka hana, ta kuwa samu, duk da cewa mutane suna karanta littafin a matsayin tonon sililin aurenta.

Rigimarsu ta dukiya ce da aƙida. Tolstoy ya tsufa yana ganin mallaka zunubi ce, yana so ya bar wa duniya haƙƙin littattafansa kyauta. Ita kuwa tana kallon 'ya'ya da jikoki da za su ci abinci. Almajiransa, musamman Vladimir Chertkov, suka ɗauke ta a matsayin ƙaya a hanyar malam, kuma shekaru da dama labarin da duniya ta ji nasu ne: mace mai mita da son abin duniya. Mita kam ta yi, har da binciken takardunsa cikin dare. Sai dai wanda bai taɓa sayen hatsin gida ba yana da sauƙin wa'azin gudun duniya. A 1910 ya sa hannu a wasiyya a ɓoye, a ƙarshen Oktoba kuma ya sulale daga gida kafin asuba yana da shekara 82.

Ciwon huhu ya kwantar da shi a wata 'yar tashar jirgin ƙasa mai suna Astapovo, a gidan shugaban tashar. Sofiya ta biyo shi a jirgi na musamman, aka hana ta shiga, likitoci da wasu daga cikin 'ya'yanta suka ce ganinta zai tayar masa da hankali. Ta kwana a taragon da aka ajiye a gefen layi, 'yan jarida sun cika tashar. Masu ɗaukar hoto sun kama ta a tsaye a waje cikin sanyi, tana leƙen ɗakin ta taga. Sai da ya fita hayyacinsa, da asubahin 7 ga Nuwamba, aka bar ta ta shiga wurin mijin da ta yi shekara 48 da shi. Ta koma Yasnaya Polyana ta ci gaba da tsara takardunsa har ta rasu a can a 1919.